Yadda Ake Saƙa Suwaita da Hannu Ta Zauna Cif a Jiki

Suwaita da yawa da aka saƙa da hannu suna ƙarewa a ƙasan akwati, alhali saƙar kanta ba ta da aibu. Idanuwa sun jeru reras, launi ya fito, ba inda zare ya zame, amma da an saka sai wuya ya ja baya, hammata ta matse, ko hannu ya wuce yatsu. Wannan yana min ciwo ƙwarai, domin aikin makonni ne, wani lokaci na watanni. Zaman riga a jiki ana yanke shi ne tun kafin a ɗora ido na farko a kan kibiya, da tef ɗin awo da ɗan lissafi, sannan a riƙa tabbatar da shi ta hanyar gwada rigar a jiki tun tana kan kibiya.

Na ɗauka kin riga kin iya saƙar gaba da saƙar baya, kin iya ƙara ido da rage shi. Idan na ce ido, ina nufin kowane zagayen zare guda da ke zaune a kan kibiya. Salon da za mu bi shi ne wanda ake farawa daga wuya a gangaro ƙasa, a zagaye, ba tare da ɗinki ba, hannu yana haɗuwa da jiki ta layuka huɗu da suka karkato daga wuya zuwa hammata. Shi ake kira raglan. Na zaɓe shi ne don dalili ɗaya: duk lokacin da kika so za ki iya zura rigar ki ga yadda take, ki gyara tun gyaran bai yi nisa ba.

Zare kafin komai

Kowane zare da halinsa, kuma halin nan shi zai bayyana bayan wanki na farko. Ulun tumaki yana talewa ya koma, shi ya sa yake riƙe siffar riga, kuma yana ɓoye ɗan rashin daidaiton hannun mai koyo. Auduga ba ta talewa, tana da nauyi, kuma suwaitar auduga takan ƙara tsawo idan ana sakawa. Gashin alfaka, dabbar nan ta tsaunukan Kudancin Amurka, yana da laushi da ɗumi sosai, amma yana saki, bakin hannu da bakin ƙasa ba sa kamawa yadda na ulu ke yi. Akwai kuma ulun da aka sarrafa don ya jure injin wanki. An kashe masa ƙananan ɓawon da ke jikin kowane gashi, don haka ba ya cuɗewa, sai dai da ya sha ruwa yakan miƙe fiye da yadda ake tsammani. Zaren roba na akirilik yana da sauƙin wanki kuma yana da ƙarko, amma yadda ya sauko daga kibiya kusan haka zai zauna, ruwa ba ya gyara shi sosai.

Ga suwaita ta farko ina ba da shawarar ulu ko ulu da aka gauraya, mai matsakaicin kauri, mai murɗi sosai, launi mai haske. A baƙin zare ba a ganin ido da kyau, ƙirga shi wahala ne. Zaren da bai sha murɗi ba yana da daɗin taɓawa a dunƙule, amma shi ne ke saurin yin gudaji-gudaji a hammata da gefen jiki inda hannu ke gogawa.

Ki duba takardar da ke naɗe da dunƙulen. Ƙungiyar Craft Yarn Council ta Amurka ta kasa kaurin zare daga lamba 0 zuwa 7, kuma kamfanoni da dama suna buga lambar. Lamba 3 tana ba da ido 21 zuwa 24 a santimita 10 da kibiya mai milimita 3.75 zuwa 4.5. Lamba 4 tana ba da ido 16 zuwa 20 da kibiya mai milimita 4.5 zuwa 5.5. Suwaitar babban mutum mai matsakaicin jiki da zare lamba 4 takan ci mita 1,000 zuwa 1,400. Ki saya da mita, kada ki saya da yawan dunƙule, domin dunƙule biyu masu giram 100 suna iya bambanta ƙwarai a tsawo. Sannan ki tabbata lambar rini ɗaya ce a kan dukkansu, ki kuma ƙara dunƙule ɗaya a kan abin da lissafi ya ba ki. Bambancin rini ba ya nunawa a hannu, sai an gama riga an fita rana ake ganin layi ya ratsa ƙirji.

Kayan aiki ba su da yawa: kibiya mai igiya gajeriya ta santimita 40 don wuya, doguwa ta santimita 80 don jiki, wata da ta fi su siranta da rabin milimita ko milimita ɗaya don bakin riga, zobban alama, allura mai kauri marar tsini, tef, rula, da littafin rubutu.

Awo

Ki auna mai rigar sanye da irin kayan da za a saka a ƙarƙashin suwaitar. Ana bukatar zagayen ƙirji a inda ya fi cika, zagayen saman ƙirji wato tef ya bi ta ƙarƙashin hammata ya hau sama da mama, zagayen damtse, zagayen wuyan hannu, tsawo daga hammata zuwa wuyan hannu, tsawo daga hammata zuwa inda ake so riga ta tsaya, da zagayen jiki a wannan wurin. Ki auna kai ma. Kan babban mutum yakan kai santimita 55 zuwa 58, kuma dole wuyan riga ya tale ya wuce shi.

Awon jiki kaɗai ba zai gaya miki faɗin riga ba. Tsakanin jiki da riga akwai sarari, kuma wannan sararin shi ne salon rigar. Idan riga daidai take da ƙirji ko ta gaza shi da santimita 2 zuwa 5, za ta ɗame jiki. Sararin santimita 5 zuwa 10 shi ne zaman da aka saba gani, ba matsi ba yalwa. Daga 15 zuwa sama an shiga burum-burum. Zare mai kauri yana bukatar sarari fiye da siriri, domin kaurin saƙar kansa yana cinye wani abu daga ciki.

Hanya mafi sauƙi ta sanin sararin da mutum ke so ita ce a ɗauko suwaitar da ya fi sakawa, a shimfiɗa ta a tebur, a auna faɗinta daga hammata zuwa hammata a ninka biyu, a auna tsawonta da faɗin hannunta da zurfin hammatarta. Mutane sukan faɗi abin da suke zato suna so, amma rigar da suke ɗauka kullum ita ce ke faɗin gaskiya. Ki rubuta awon jiki a gefe ɗaya, na rigar a ɗaya gefen.

Ga mace mai cikar ƙirji akwai abin lura. Idan aka zaɓi girman riga da awon inda ƙirji ya fi cika, kafaɗa da wuya da baya duk za su yi yawa, rigar ta riƙa zamewa. Idan tazarar da ke tsakanin awon ƙirji da na saman ƙirji ta wuce santimita 7 ko makamancin haka, gara a gina kafaɗa da awon saman ƙirji, a ƙara wa gaba abin da yake bukata daga baya. Kafaɗa ce ke ɗauke da riga. Idan ta zauna, sauran gyara mai sauƙi ne.

Ƙyallen gwaji

A nan ne mutane suka fi yin gaggawa, kuma a nan ne riga take gyaruwa ko ta lalace. Tun ran gini, tun ran zane. Adadin idon da aka rubuta a jikin dunƙule na hannun wani ne. Naki hannun yana iya fin nasa matsewa ko saki, ko da zare ɗaya ne da kibiya ɗaya. Har irin kibiyar yana da tasiri: zare yana santsi a kan ta ƙarfe, yana ɗan tirjewa a kan ta katako ko gora, idanuwan su fito daban.

Ki saƙa ƙyalle mai faɗin santimita 15 aƙalla, tsawo ma haka. Ƙarami ba ya amfani, domin idanuwan gefe kullum a karkace suke, kuma hannu ba ya sakin jiki ya koma saƙarsa ta ainihi sai an ɗan yi nisa. Tunda rigar a zagaye za a saƙa ta, ƙyallen ma a yi shi da saƙar gaba zalla. Masu saƙa da yawa saƙar bayansu ta fi ta gaba saki, don haka ƙyallen da aka yi ana juyawa gaba da baya ba zai ba da adadin da za a samu a zagaye ba. Dabarar ita ce idan kin kai ƙarshen layi kada ki juya, ki tura idanuwan zuwa ɗaya bakin kibiya mai igiya, ki bar zare ya ratso ta baya sako-sako, ki sake saƙar gaba.

Da kin gama, ki ɗora rula a tsakiya ki ƙirga ido nawa ne a santimita 10 a kwance, layi nawa ne a santimita 10 a tsaye, ki rubuta. Har rabin ido ki ƙirga. Sai ki wanke ƙyallen daidai yadda za a riƙa wanke rigar, ki shimfiɗa ya bushe sarai, ki sake ƙirgawa. Adadin bayan wanki shi ne na lissafi. Na kafin wanki kuma ki ajiye shi, da shi za ki riƙa duba aikinki yana kan kibiya. Idan zaren auduga ne ko alfaka ko ulun injin wanki, ki rataye busasshen ƙyallen kwana ɗaya, ki maƙala masa ɗan nauyi a ƙasa, ki ga nawa ya ƙara tsawo. Cikakkiyar riga tana da nauyin da ƙyalle ba shi da shi, kuma nauyin nan ƙasa yake ja.

Ga dalilin da ya sa nake nanata wannan. A ce kin yi lissafi a kan ido 20 a santimita 10, kin ɗora ido 208 don samun santimita 104. Idan ashe hannunki 19 yake bayarwa, rigar za ta fito santimita 109 da rabi. Idan 18 ne, ta haura 115. Idan kuma 21 ne, ta tsaya a 99. Ido ɗaya tak, wanda a ƙyalle ba a ɗauke shi komai ba, ya sauya girman riga gaba ɗaya.

Bayan ƙirga, ki murza ƙyallen a hannu, ki ɗaga shi ga haske, ki goga shi a wuyanki. Idan ya yi tauri, ki ƙara girman kibiya. Idan haske yana wucewa da yawa, ki rage. Saƙar da ta yi sako-sako ba ta riƙe siffa. Ki fara samun saƙar da ta yi miki, sannan ki gina lissafi a kanta.

Lissafi

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe, ke kuma ki sauya lambobin da naki. Ƙirji santimita 96, muna son sarari 8, riga ta zama 104. Ƙyalle ya ba da ido 20 da layi 28 a santimita 10, wato ido 2 a kowace santimita. Jiki zai ci ido 208. Damtse 32 ne, da sarari 5 ya zama 37, wato ido 74. Bakin hannu ido 44. Wuya ido 92, wanda ya kama santimita 46 kafin ya tale.

Elizabeth Zimmermann, shahararriyar mai koyar da saƙa da aka haifa a Ingila a 1910, ta koma Amurka da zama, ta rasu a 1999, ta shimfiɗa wani tsari da ke auna kowane sashe na suwaita da adadin idon jiki: bakin hannu kusan kashi 20 cikin 100, damtse kusan kashi ɗaya cikin uku, wuya kusan kashi 40 cikin 100. Ina amfani da shi don duba ko lissafina ya kauce hanya. Amma idan awon mutum ya saɓa da kason, awon ake bi. Mutane da yawa damtsensu ya fi kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa masu saƙa na baya suka ɗaga shi zuwa 35 ko 40.

Na zaɓi 92 da 208 da 44 ne saboda duk suna rabuwa da 4, ga mai son bakin riga na gaba biyu baya biyu.

Wuya da kafaɗa

Ki ɗora ido 92 a kan siririyar kibiya, da sassauci. Kafin ki yi nisa ki gwada ko zai wuce kai. Ki haɗa zagaye, ki kula kada ya murɗe, ki saƙa gaba biyu baya biyu har santimita 3. Wannan saƙar mai talewa ita ce ke hana baki nannaɗewa, domin saƙar gaba zalla kullum sai ta naɗe a gefe.

Sai ki koma babbar kibiya ki raba idanuwan: baya 32, ido 1 na layin raglan, hannu 12, ido 1, gaba 32, ido 1, hannu 12, ido 1. Ki sa zoben alama a kowane layi, na farkon zagaye ya bambanta da sauran.

Kafin a ci gaba akwai aikin da tsarin saƙa masu sauƙi sukan tsallake, kuma shi ne ke raba rigar da ke da daɗin sakawa da wadda ke shaƙe maƙogwaro. Wuyan mutum ba a tsakiyar kafaɗa yake ba, ya karkato gaba. Idan gaban riga da bayanta tsayi ɗaya ne a wuya, gaban zai hau maƙogwaro, bayan ya ja ƙasa, mai rigar ya wuni yana janyo ta. Maganinsa gajerun layuka. Ki saƙa ki ratsa baya da hannu har ki ɗan shiga gaba da ido biyu ko uku, ki juya, ki komo da saƙar baya har daidai wannan wurin a ɗaya gefen, ki sake juyawa. Kowane juyi ki wuce na baya da ido uku. Layi 6 zuwa 8 sun isa, za su ɗaga baya da santimita 2 zuwa 3. Don kada wurin juyi ya bar rami, hanyar da ake dangantawa da Jamus ta fi sauƙi: bayan kin juya, ki zame idon farko zuwa kibiyar dama zare yana gaba, ki ja zaren sama ta kan kibiya har idon ya zama kamar biyu, idan kin dawo kansa ki saƙa ƙafafun biyu tare a matsayin ido ɗaya.

Daga nan sai ƙari. A kowane zagaye na biyu ki ƙara ido ɗaya a kowane gefe na layukan raglan huɗu, ido 8 ke nan. Gaba da baya kowanne zai tashi daga 32 zuwa 92, wato ƙari sau 30, zagaye 60, wanda a ma'auninmu ya kama santimita 21 da ɗoriya. Wannan zurfin hammata ne mai kyau ga wannan girman. Amma duba hannu: idan shi ma aka ƙara masa sau 30 zai kai 72, da ido 10 da za a ɗora a hammata daga baya ya zama 82, wato santimita 41, alhali 37 muke so. Wannan ita ce matsalar raglan da aka fi sani, jiki da hannu suna girma tare ko da jikin mutum bai bukaci haka ba. Don haka hannu zai tsaya a 64, ƙari sau 26. A ƙari huɗu na ƙarshe, gaba da baya kawai za ki ƙara wa. Mai babban damtse da ƙaramin ƙirji kuma akasin haka za a yi mata.

Idan jiki yana bukatar ido da yawa har zurfin hammata zai wuce kima kafin a kai adadin, kada ki ci gaba da zagaye kawai. Ki yi wasu ƙarin a kowane zagaye maimakon kowane na biyu, ko ki ƙara yawan idon da za a ɗora a hammata. Hammatar da ta yi zurfi da yawa tana sa duk rigar ta tashi sama idan an ɗaga hannu.

Raba hannu da jiki, da gwaji mafi muhimmanci

Yanzu akwai ido 316 a kan kibiya. Kafin ki raba, ki zura dogon zare mai santsi na wani launi cikin dukkan idanuwan da allura, ki zare kibiyar, a saka rigar. Kada a gwada tana kan kibiya ɗaya gajeriya, igiyar za ta tattare ta, ba za ki ga gaskiyar zamanta ba. Ki kama layin raglan na gaba da na baya ki kusanto da su a ƙarƙashin hammata. Ya kamata su kusa haɗuwa, tazarar da ta rage kamar santimita 5, kuma su sauko ƙasa da ramin hammata da santimita 2 zuwa 3. A ɗaga hannu, a rungume ƙirji, a zauna. Ki duba baya da madubi ko a ɗauki hoto.

Idan wani abu bai yi ba, yanzu ne lokacin warwarewa. Na san nauyin da zuciya ke ji idan za a warware aikin kwanaki, amma kafaɗar da ba ta zauna ba, babu wanki ko guga da zai zaunar da ita, kuma duk layin da aka ɗora a kanta ƙara tsadar gyaran yake yi. Zare ba ya lalacewa don an warware shi. Idan ya yi lanƙwashe-lanƙwashe, ki naɗe shi sako-sako, ki jiƙa, ki bar shi ya bushe, zai miƙe. Ki tuna kuma da abin da ƙyalle ya nuna: idan saƙar tana ƙara tsawo bayan wanki, hammatar da ta yi cif yanzu za ta sauka.

Idan komai ya yi, ki mayar da idanuwan kan kibiya. Ki kwashe ido 64 na kowane hannu a kan zaren aro, wato irin wancan mai santsi na wani launi, ki ɗora sabbin ido 10 a kowace hammata, ki haɗa gaba da baya. Idanuwan raglan huɗu suna bin jiki. Gaba 92, baya 92, raglan 4, hammata 20: ga 208 ɗinmu.

Jiki

Wannan sashen ba shi da wuya, zagaye ne kawai. Bayan santimita 8 ko 10 ki shimfiɗa ki sake ƙirga ido a santimita 10, ki gwada da adadin kafin wanki da kika rubuta. Hannu yakan saki idan saƙa ta zama ta sabo. Sabon dunƙule a haɗa shi a gefe, ƙarƙashin hammata, kada a haɗa a tsakiyar gaba.

Ga mai cikar ƙirji, a nan ne za a biya wa gaba bukatarsa. Alamar bukatar ita ce bakin riga ya ɗage a gaba ya sauka a baya. Ki auna daga kafaɗa zuwa ƙugu ta gaba, ki auna ta baya, bambancin shi ne tsawon da za a ƙara. Santimita 2 ko 3 ƙasa da hammata ki yi gajerun layuka a gaba kawai, irin na wuya, juyin farko kusa da gefe, na gaba suna matsowa ciki, amma kada su kai kan mama. Bambancin santimita 4 a ma'auninmu layi 11 ne, sai a yi 12. Idan kuma ƙasan jiki ya fi ƙirji faɗi, ki ƙara ido biyu a kowane gefe duk bayan santimita 4 ko 5 har ki kai awon.

Idan kina shakkar zare zai isa, ki dakatar da jiki a kan zaren aro, ki gama hannu biyu, sannan ki dawo ki ƙarar da abin da ya rage a jiki. Riga mai ɗan gajarta ana saka ta. Mai hannu ɗaya da rabi ba a sakawa.

Bakin ƙasa santimita 5 zuwa 6 da siririyar kibiya. Wurin rufewa ki yi amfani da babbar kibiya, ki rufe gaba a kan gaba, baya a kan baya, da sassauci, domin baki ya tale ya wuce kafaɗa da ƙugu.

Hannu

Ki mayar da ido 64 kan kibiya, ki tsinci 10 daga hammata. A kusurwa biyu inda tsofaffin ido suka haɗu da sabbi kullum rami yakan fito. Ki tsinci ƙarin ido ɗaya a kowace kusurwa, a zagaye na gaba ki haɗa shi da maƙwabcinsa, adadi ya koma 74. Ki bar jelar zare mai ɗan tsawo a nan don toshe abin da ya rage.

Daga 74 zuwa 44 ragin ido 30 ne, biyu-biyu, sau 15. Tsawon hannu 45, a cire 5 na baki, saura 40, wato zagaye 112. A raba da 15 ya ba da 7 da ɗoriya, don haka ragi a kowane zagaye na 7, sauran zagayen a saƙa su miƙe. Ƙaramin zagaye yakan sa hannu ya matse fiye da yadda ya yi a jiki, ko da kibiyoyi masu tsini biyu ake yi ko da doguwar igiya. Ki auna, idan ya matse ki ƙara girman kibiya kaɗan. Ki rubuta kowane ragi a littafi domin hannu na biyu ya zama daidai da na farko, ƙirga zagaye ya fi tef tabbas a nan. Wurin gwada tsawo a lanƙwasa gwiwar hannu, domin lanƙwasawa tana cinye tsawo.

Ga wanda ke aiki da hannu a sama, ko mai son riga ta ɗame amma hammata ta sake, akwai dabarar tsofaffin rigunan masuntan tsibirin Guernsey da gaɓar tekun Birtaniya: ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu da ake saƙawa a hammata, ana ƙara ido a gefen jiki, a rage su a farkon hannu. Yana ba da damar ɗaga hannu ba tare da rigar ta bi shi ba.

Wanki na farko da gyaran ƙarshe

Ki soke jelolin zare ta ciki, amma kada ki yanke su gajeru sai bayan wanki. Ki jiƙa rigar a ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙarfi na minti 15 zuwa 20, ba cuɗawa, ba murɗewa. Zafi da gogayya da sauyin ruwa daga zafi zuwa sanyi farat ɗaya su ne ke sa ɓawon gashin ulu ya sarƙe da juna, riga ta ƙanƙance ta yi tauri, kuma wannan ba ya komawa. Ki ɗago ta da hannu biyu a dunƙule don nauyin ruwa kada ya ja ta, ki naɗe ta a tawul ki danne, ki shimfiɗa a busasshen tawul a inuwa. Da tef a hannu ki daidaita faɗi da tsawo da hannu zuwa lambobin da ke littafinki. Bakin riga kada a ja shi, a tattara shi. Ta bushe sarai kafin a saka. Idan akirilik ce, kada dutsen guga ya taɓa ta, kuma tururi mai yawa yana kashe talewarta har abada.

Bayan ta bushe, tsawon jiki ko na hannu yana gyaruwa cikin sauƙi: a kwance rufin baki, a warware ko a ƙara. Wuyan da ya yi faɗi ko yake saki, wanda ya zama ruwan dare a rigar da ba ta da ɗinki, ki bi ta ciki da kwarashi ki yi sarƙa ɗaya mai ɗan ƙarfi a gindin bakin wuya, daga layin raglan na baya zuwa ɗaya, za ta riƙe nauyin rigar. Idan hakan bai isa ba, ki yanke bakin wuyan a hankali, ki tsinci idanuwan, ki rage kaɗan, ki sake saƙa shi zuwa sama da siririyar kibiya.

Suwaita a ninke ake ajiye ta, hanga tana fitar mata da ƙaho a kafaɗa ta kuma ja tsawonta. Kafin dogon ajiya a wanke ta, domin asu ya fi bin ulun da ke da gumi. Ki ajiye ƙyallen gwajin da ragowar zare da takardar dunƙule tare da shafin lissafin, ki ƙara rubuta awon rigar bayan an saka ta sau da yawa da abin da za ki sauya. Ragowar zaren na gyaran gwiwar hannu ne idan ta cinye, lambobin kuma daga kansu za ki fara riga ta gaba.